Jinjina Ga Alhajinmu, Wanda Ya Ci Dutsen Ɗa'ifa Tsakanin Hantsi Da La'asar

Ƙasar Kabi ba ta taɓa fatarar mazaje ba. A nan Muhammadu Kanta ya tashi a farkon ƙarni na 16, ya juya wa Askiya na Songhai baya, ya kewaye Surame da ganuwar dutse, ya gwabza da Barno. Sai dai duk da girman da muke ba shi, dole a faɗi gaskiya: Kanta ya ɓata lokaci. Shekaru ya kwashe yana tara dakaru, yana kwana a dawa, yana shan rana da ƙura, kafin ya yarda cewa ya san wata ƙasa. Allah cikin ikonsa ya jinkirta cikar wannan jarumta har zuwa zamaninmu, ya damƙa ta a hannun Alhajinmu na nan Argungu, toron giwa mai tafiyar ƙasaita, gamji mai inuwar da ba ta yarda ta sauka kan kowa da kowa ba, bango madafar 'yan kwangila, wanda ya bar Makka da hantsi, ya ci garin Ɗa'ifa da duwatsunta da lambunanta da tarihinta baki ɗaya, ya dawo masauki kafin a kira la'asar, ko karin gugar babbar rigarsa bai karye ba.

Domin amfanin talakawa, waɗanda iyakar hawansu rufin soro ranar shanyar kuɓewa, ya kamata a san girman abin da aka ci. Ɗa'ifa tana gabas da Makka a kan duwatsun Sarawat, wajen mita 1,800 sama da teku, kuma ta hanyar Alhada tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Tun kafin Musulunci attajiran Ƙuraishawa ke da lambuna a can, inda suke gudun zafin Makka. Sarakunan Saudiyya sun gaji al'adar, har a da gwamnati kan naɗe tabarmarta ta koma can idan zafi ya tsananta. A can Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. A can 'yan Labanan suka ƙulla yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasarsu a 1989, kuma a can gwamnatin Kuwait ta fake a 1990 da Saddam ya mamaye ƙasarta. Sama da garin akwai ƙauyukan shan iska, Alhada da Shafa, inda masu hali ke kai iyali hutu. A da, mai bizar Umara iyakarsa Makka da Madina da Jidda, sai a 2019 aka sakar wa masu Umara mara su zaga ƙasar. Nan gaba malaman tarihi za su tabbatar cewa zuwan Alhaji hukuma ta hango.

Hikimarsa ta fara bayyana tun kafin a tayar da mota. Akwai motocin safa da ke kwasar masu ziyara, a cusa mutum cikin 'yan Indunusiya da 'yan Pakistan da Turkawa, waɗanda ba su da aiki sai damun jagora da tambayoyi, su sauka ko'ina su taka ƙasa, wasu har da ɗan littafi suna rubutu. Wane mutum! Alhaji bai yarda da wannan wulaƙanci ba. Shatar baƙar GMC ya ɗauka, mai baƙin gilashi, shi kaɗai a kujerar baya, da direba, da jagora na ƙashin kansa wanda ba ya raba shi da kowa. Duk wanda ya ƙirƙiro baƙin gilashi Allah ya saka masa, domin yana hana mutanen gari ganin Alhaji, yana kuma hana Alhaji ganin mutanen gari, kowa ya tsira da mutuncinsa.

An ce iskar Ɗa'ifa ake zuwa sha. Jahilai kan sauke gilashi su yi ta zuƙa. Alhaji kuwa, mai hangen nesa, ya san iskar waje ba a san asalinta ba: ta bi ta kan makiyaya, ta bi ta kan leburori, wa ya san wanda ya shaƙe ta ya fitar? Sai ya ba da umarni a ɗage gilashi a kunna esi. Abincin garin ma bai samu damar kusantarsa ba. Mutanen Ɗa'ifa suna taƙama da salik, shinkafar da suke dafawa da romo da madara, suna taƙama da inabi da rumman da ɓaure da zuma. Alhaji ya riga su shiri, domin tun da asuba aka karɓo masa tuwon shinkafa da miyar kuka a wajen matan Takari, aka ɗora kular a gefensa. Haka aka kai shi aka dawo da shi kamar giwan ruwa a cikin ƙanƙara, bai lalace ba, bai canza ba, babu abin da ya shige shi.

Jagoran kuwa, tubarkalla. Yaro ne haifaffen Makka, jikan mutanen nan namu da suka tafi Hajji a ƙasa ta Cadi da Sudan suka zauna, Hausa a bakinsa, Larabci a bakinsa, kogin ilimi wanda ba a taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga gare shi ba. Kowane dutse aka nuna masa yana da labarinsa, idan kuma aka sake nuna masa dutsen a hanyar dawowa, sai ya ba da wani labarin sabo fil, don kada maigida ya gaji da tsohon. Jagoran motar safa yakan yi gardama da fasinja, har ya gyara masa kuskure a gaban jama'a. Na shata ya fi ƙarfin wannan rashin kunya.

"Yaro, wanga dutsi shi na mafi tsawo duniya, ko?" in ji Alhaji.

"Sadakta, Alhaji."

"Na ga alama. Kuma ba a taɓa samun Bakabe da ya hau nai ba."

"Kai ne na farko, Alhaji. Jiya ma ana maganar a Harami."

Ga ilimi, ga ladabi. Wani abin al'ajabi game da yaron shi ne yadda Allah ya tsara garin Ɗa'ifa daidai da zumuncinsa. Duk wurin da ya cancanci gani, sai a tarar yana maƙwabtaka da wani kanti, mai kantin kuma ya fito ya rungume jagora, su gaisa, su ɗan kewaya bayan kanta su yi wata 'yar magana a asirce, watakila ta iyali. Wuraren da babu kanti kusa da su, cikin ikon Allah, ranar duk a rufe suke. Fadar Shubra, wadda ta haura shekara 100 kuma Sarki Abdul'aziz ya zauna a cikinta, an nuna wa Alhaji ita ta gilashi mota na gudu, kuma hakan ya wadatar, domin babban mutum ba ya shiga gidan da ba a gayyace shi ba.

Hanyar da suka bi tana ratsa gefen Arfa, ta shiga kwarin Nu'uman, inda Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta zuba dukiyarta aka janyo ruwa zuwa ga alhazai kimanin shekara 1,200 da suka wuce. Ragowar magudanar tana nan manne a jikin duwatsu. Daga nan titin ya kama dutsen Kara yana lanƙwasa yana hawa, kwana bayan kwana, rami a gefe guda, bangon dutse a ɗaya gefen. Alhaji ya karrama wannan duka da barci mai nauyi, irin na mutumin da zuciyarsa ba ta da nauyin kowa. Kuma ya yi daidai. Attajirin da unguwarsa ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, me zai koya a wajen matar da ta kai wa gari ruwa kyauta? Sai dai ta ɓata masa lissafi.

Birai ne suka tashe shi. Suna zama garke-garke a bakin wannan titi suna jiran masu wucewa, manya irin gwaggon biri. A gida biri ɓarawon gona ne, yara ke binsa da jifa. Amma wannan birin ƙasar waje ne, yana da daraja ta daban. A nan Alhaji, mai tawali'u, mai son cuɗanya da al'ummar duk ƙasar da ya sauka, ya sa aka sauke gilashi kamu guda, ya miƙa ayaba da hannunsa mai albarka. Wannan ita ce doguwar hulɗar da ya yi da mazauna yankin Ɗa'ifa, kuma an ɗauke ta a bidiyo daga farko har ƙarshe. Babban cikinsu ya karɓi ayabar, ya haɗa da hular Alhaji, zanna bukar mai aikin hannu, ya haye dutse da ita. Wasu za su ce fizge ta aka yi. Jagora ya yi bayani cewa birai ba sa karɓar hular kowa sai ta shugaba.

Sai ƙololuwa. Alhada ta kai wajen mita 2,000, kuma idan sama ta washe, mai tsayuwa a bakin dutsen yana hango shimfiɗar Tihama a ƙasa har inda ido ya gaza. Wannan gani ne na gama-gari, kowane mai motar safa yana samunsa. Alhaji da yake a cikin hunturu ya je, Allah ya keɓe shi da abin da ya fi haka: hazo ya sauko ya rufe dutse da kwari da titi, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ya fito daga mota, ya tsaya, ya fuskanci farin da babu komai a cikinsa, jagora na nuna masa da yatsa inda Makka take da inda teku take da inda kwarin zai kasance. Aka ɗauki hoto. Hoton na nan a falonsa cikin firam mai ruwan zinariya: Alhaji ba hula, bayansa fari fat. Maƙiya sun ce a makon nan ɗin ma hazo ya rufe Argungu, har mai tsayuwa a bakin kogin Matan Fada ba ya ganin ɗaya gaɓar, kuma ba a karɓi ko kwabo ba. Hassada ce kawai. Hazon kyauta hazon talaka ne, busasshe, mai fasa leɓe. Na Alhaji jiƙaƙƙe ne, kuma da riyal aka biya.

Bai tsaya nan ba, sai da ya shiga talfirik, akwatin gilashin nan da ke rataye a jikin waya, yana saukar da mutane daga Alhada zuwa ƙauyen Alkar a gindin dutse, tafiyar wajen kilomita 4 a sararin Subhana. Yara da mata kan manna fuska a gilashi suna ihu. Namijin duniya, sadaukin da ba ya ja da baya, ya rufe idanunsa tun daga sama har ƙasa, ya damƙe hannun jagora, ya karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Da aka buɗe ƙofa ya shaida wa duniya cewa bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma babu wanda ya isa ya ƙaryata shi.

Furen wardi shi ne tambarin Ɗa'ifa. A watan Maris da Afrilu yake buɗewa, a tsinke shi da sassafe kafin rana ta sha ƙamshinsa, a dafa shi cikin manyan tukwanen tagulla a tatsi mansa, kuma sai an tara fure fiye da 10,000 kafin a samu tola ɗaya, 'yar kwalbar da ba ta wuce yatsa ba. Masu zuwa a lokacin fure sai su yi ta cunkoso da manoma da masu tsinka da ƙudan zuma. Alhaji ya zaɓi lokacin da babu fure ko ɗaya, sai itatuwa da ƙaya, don ya ga gonar a asalin halittarta. Ya kuwa sayi kwalaben man wardi tsantsa masu girman gorar ruwa, a farashin da ya girgiza shi kansa mai kantin. Akwai wani ɗan ƙaramin rubutu a gindin kowace kwalba, amma Alhaji bai ƙasƙantar da kansa ya duƙa ya karanta ba.

A shekara ta goma bayan aiko shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo wannan gari da ƙafa, shi da Zaidu ɗan Harisa. Ya kira Banu Saƙif zuwa ga gaskiya, suka tura masa yara da wawaye suka yi ta jifansa har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, inda bawansu Addas ya kawo masa inabi. Masu ziyara kan tsaya a wajen su yi shiru, wasu hawaye ya zubo musu. Alhaji ma ya tsaya, Allah ya ba shi lada. Jagora ya buɗe baki ke nan zai fara, sai waya ta yi ƙara daga gida, ana tambayar nawa za a sayi buhun shanshera a hannun manoman fadama tun kafin farashi ya tashi. Dubi baiwa! Wani sai ya rikice ya rasa wanda zai saurara. Alhaji ya ɗaga wa tarihi hannu ya dakata, ya murƙushe farashin har ƙasa, ya kashe waya ya ce, "To yaro, mu tai, mun gani." A masallacin Abdullahi ɗan Abbas, sahabin da ya ƙare rayuwarsa a garin kuma aka binne shi a can, ya yi azahar cikin hanzarin da ya burge kowa, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a har sau uku, domin a biyun farko hoton bai fito da agogonsa ba.

Yanzu ya dawo, kuma Argungu ba ta sake zama yadda take ba. Kowane dare bayan isha'i majalisa kan cika a ƙofar gidansa, a shimfiɗa darduma, a kawo shayi, ya buɗe taskar ilimin da ya tara cikin rabin yini.

"Ku dai ku yi kurum," in ji shi. "Can da munka tahi, dutsi guda ya hi garin ga duka. Nan mi muka da shi? Ruwa da kihi da sabro."

"Gaskiya ta, ranka shi daɗe," in ji majalisa.

Hukunci ne na adalci, domin mai yanke shi bai bari sanin Argungu ya gurɓata masa tunani ba. Gidan tarihi na Kanta yana tsakiyar gari. Shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, da makamai da sulke da tambura a ciki, ga kuma kaburburan sarakuna. Alhaji yana wuce shi kullum, kuma bai taɓa yin rauni ya leƙa ba. Ina darajar wurin da ba a neman biza kafin a shiga, wurin da ɗan makaranta ma zai iya zuwa da ƙafa? Kangon Surame yana nan cikin jihar Sakkwato da ragowar ganuwarsa, amma babu kanti kusa da shi, sai tarihi tsagwaronsa, abin da ba ya shiga jakar tsaraba. Wani mai ƙarambani ya taɓa ambata masa duwatsun Zuru a cikin jiharmu, da tsaunin Mambila, da Obudu ta Kuros Riba wadda ita ma aka kafa mata talfirik a 2005. Alhaji ya yi murmushin manya ya tambaye shi ko a can ana canjin kuɗi.

Bikin kamun kifi kuwa, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, aka yi shi don rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, Alhaji ya nuna masa haƙuri irin na waliyyai. Bayan na 2009 ba a sake yi ba sai a 2020, kuma cikin waɗannan shekaru ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Wasu sun ce bai ma lura ba, wanda hakan wani mataki ne na haƙuri da ya fi na farko. Idan ana yi kuwa yakan halarta, ya zauna a rumfar manya. A lokacin da Sarkin Ruwa ya gama nasa, aka ba da alama, dubban masunta suka ruga cikin ruwa da homa da gora, ƙasa na girgiza, makaɗa na kiɗa a cikin kwalekwale, Alhaji yakan juya wa kogin baya don ya gaisa da baƙin Abuja. Kifi ai kifi ne, amma babban sakatare ba kullum ake kama shi ba.

Mai kishin ƙasa ba ya tsayawa kan suka, don haka Alhaji ya zo mana da magani. Tunda abin da Argungu ta rasa dutse ne, za a gina mata. Ya riga ya hango wurin, can cikin fadama, inda wasu manoma ke ɓata ƙasa mai kyau da noman shinkafa. Tifofi za su yi ta zuba marmara har sai tudun ya kai yadda mutum zai ji jiri, kuma cikin sa'a tifofin nasa ne, ba sai an wahala neman na wani ba. A sama za a yi ƙauyen shan iska mai katanga da ƙofa da maigadi. Za a ja waya daga ƙololuwa zuwa bakin Matan Fada a rataya akwatuna, idan wuta ta ɗauke a tsakiya baƙo ya samu ƙarin lokacin kallo ba tare da ƙarin kuɗi ba. Hazo muna da shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin da ya rage a sa masa farashi. Manoman da za a tasa an yi musu alkawarin aikin jagora, da sharaɗin su manta abin da suka sani game da kogin su koyi cewa "Sadakta."

Majalisa ta kafa kwamiti, kwamitin kuma ya yanke shawarar zuwa Ɗa'ifa ya nazarci dutsen da idonsa, kowane mamba da motar shatarsa da jagoransa, a cikin hunturu, don a ga abin da Alhaji ya gani. Batu ɗaya ne ya so ya raba kawuna, wato birai. Wasu na ganin a horar da na gida don rage kashe kuɗi, wasu na ganin na gida ba su da tarbiyyar karɓar baƙi. Alhaji ya raba gardama: daga can za a shigo da su, kuma a fara da babban nan, tunda yana da hula, ba sai an ɗinka masa ba.